Yadda Mai Aski Zai Koma Legas Ya Tsaya da Ƙafafunsa

Abin da ke jan mai aski daga Kano ko Zariya ko Sakkwato zuwa Legas ba ɓoyayye ba ne. Abokin sana'a ya zo hutun Sallah ya gaya maka abin da ake biyan kai ɗaya a Lekki, unguwar masu kuɗi, ka buga lissafi ka ga ya ninka naka nesa ba kusa ba. Bai yi maka ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne nawa ke shiga aljihunsa a cikin kuɗin, da nawa ke kwana a aljihun bayan mai gidan haya da kwandasta da mai abinci kowa ya karɓi nasa. Shawarata ita ce a shiga birnin nan daki-daki: kujera a shagon wani tukuna, sai ɗakin kwana, sai shago na kanka, iyali su zo a ƙarshe. Yawancin masu komowa gida hannu rabbana jerin nan suka juya, suka fara da abin da ya kamata ya zo daga baya.

Mataki na farko: yi lissafi da kawuna

Farashi a Legas ba ya zama wuri ɗaya, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Don haka kada ka riƙe adadin da wani ya faɗa maka bara. Kira mutum biyu ko uku da ke aski a can yanzu, ka tambaye su abu huɗu: nawa ake biyan kai a unguwarsu, nawa ne rabon mai aski a ciki, kai nawa suke samu ranar Talata, kai nawa ranar Asabar. Talatar nan ita ce gaskiyar sana'a, don kowa yana da kasuwa ranar Asabar.

Ga misali, kuma alƙaluman nan na ƙaddara su ne don ka ga yadda ake lissafin, sai ka sa naka a gurbinsu. A ce ana biyan kai Naira 1,500, rabonka kashi 40 cikin ɗari, wato Naira 600. Kana samun kai 10 a rana idan aka haɗa ranar kasuwa da ranar zaman banza, kana fita kwana 26 a wata. Ka tashi da Naira 156,000. A baki kuɗi ne, don mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Legas ta sanar a 2024 Naira 85,000 ne. Yanzu cire abinci na 2,500 kullum, 75,000 ke nan. Cire kuɗin mota 1,500 a kowace ranar aiki, 39,000. Wurin kwana 20,000, katin waya da sabulu da ruwa 10,000. Abin da ya rage 12,000 ne, ba ka aika gida da ko sisi ba, ba ka yi zazzaɓi ba.

Sake duba lissafin ka cire kuɗin motar gaba ɗaya, a ce da ƙafa kake zuwa shago. Ragowar ta koma 51,000. Nan ne duk sirrin yake. Kai biyu da rabi na farko da za ka aske kowace safiya na direban danfo ne, wato motar haya ta cikin gari, idan ka zauna nesa da wurin aiki. Daga yau duk abin da aka ce maka ka saya ko ka biya, mayar da shi kawuna kafin ka amsa.

Mataki na biyu: gyara hannu da kaya tun kana gida

Idan ƙwarewarka ta tsaya a tal-kwabo da saisaye da gyaran fuska, za ka ci abinci a unguwannin Hausawa, amma iyakarka ke nan. Matasan Legas suna son askin da gashi ke sirancewa a hankali daga sama zuwa ƙeya ba tare da an ga gaɓa ba, da layin goshi mai kaifi, da gyaran gemu, da dayis, da gyaran gefen kan masu dada. Koyi waɗannan a gida inda kuskure ba zai kore ka daga aiki ba. Duk kan da ya fito da kyau ka nemi izinin mai shi ka ɗauki hoto ta gefe da ta baya, don mai shago a can hoton zai fara dubawa kafin ya ba ka kai na gwaji.

Kaya kuwa ka zo da naka: kilifa biyu masu caji, ɗaya ta sauke gashi ɗaya ta fitar da layi, da bakin kilifa na canji, da dutsen wasa shi, da almakashi, mataji, burushi, mayafin aski biyu, man kilifa da sifirit. Mai ƙarfi ya sayi kilifar Wahl ko Andis, wanda bai kai ba Kemei ko VGR za su yi masa aiki. Wanda ya gaji wanzanci kada ya bar zabirarsa a gida. Hausawan Agege da Idi Araba suna haihuwa, kuma ranar suna wanzami ake nema.

Sai takardu: katin NIN, da asusun banki mai sunanka, ko da na waya ne irin OPay ko Moniepoint, domin mutane da yawa a can turawa suke yi. Ka tanadi kuɗin cin wata biyu, sannan ka ware kuɗin motar komowa ka ba wani amintacce a gida ya riƙe maka. Kada ka sayar da shagonka na gida don ka yi guzuri. Bar wa ƙanenka ko yaronka ya ci gaba da buɗewa.

Mataki na uku: lokacin tafiya da masauki

Damina a Legas tana kankama daga Afrilu, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Ranar da aka wuni ana ruwa shago wuni yake babu kowa. Lokacin da ya fi dacewa ka sauka shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Disamba watan bukukuwa ne, mazauna ƙasashen waje suna dawowa, shaguna suna neman ƙarin hannu, kuma wanda ya nuna kansa a wannan cinkoson ba a cika sallamarsa a Janairu ba. Makonni biyu kafin Babbar Sallah ma dama ce, don Yarbawa Musulmi suna ɗaukar wannan Sallar da girma ƙwarai.

Tafiyar daga Kano ta kai kimanin kilomita dubu, ko ta Mokwa da Jebba da Ilori, ko ta Abuja da Lokoja. Hau motar haya daga tasha. Bin saman tirelar shanu ko ta albasa yana da araha, amma duk wanda ya san hanyar nan ya san yadda ake kwasar gawarwaki idan tirela ta kife.

Kada ka taka Legas sai ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Hausawa sun daɗe da kafuwa a Agege, Idi Araba, Mile 12 wurin 'yan gwari, Obalende da Ijora. Kowace cikinsu akwai sarkin Hausawa ko shugabannin 'yan kasuwa, akwai masallaci, akwai mai tuwo. Sa mai masaukinka ya kai ka ka gaida manya a makon farko. Ranar da wata magana ta taso, ko da 'yan sanda ko da mai gida, su ne za su ce sun san ka. Ka kuma yanke wa kanka wa'adin zama a wurin mai masaukin, ka faɗa masa tun ranar farko, kana kuma sa hannu a kuɗin ruwa da wuta ba sai an tambaya ba.

Mataki na huɗu: neman kujera

Nan ne ya kamata ka kashe takalmi. Fita ranar Litinin ko Talata da hantsi, lokacin da mai shago yake zaune yana latsa waya. Ranar Asabar ko kallonka ba zai yi ba. Je da kayanka a jaka, tufafinka fes, farcenka a yanke. Ka gaida shi da “Oga”, ka nuna hotuna, ka ce a ba ka kai ɗaya a gani. Idan ya ba ka, kafin ka taɓa kan mutum ka tsaya a gabansa ka goge bakin kilifa da burushi, ka fesa sifirit, ka ɓare sabuwar reza yana kallo. Mai shago yana lura da wannan fiye da yadda kake tsammani, haka ma mai kan, don mutanen can suna tsoron makero da ƙurajen ƙeya da ciwon hanta da ake ɗauka ta jini, kuma suna da gaskiya.

Idan an ce ka zo gobe, kada murna ta hana ka tambaya. Kashi nawa ne rabonka, kuma kullum ake ba ka ko mako-mako? Kafin a raba ana cire kuɗin man janareta da reza da hoda, ko bayan an raba? Ihsanin da mai kan ya ba ka a hannu naka ne kai kaɗai, ko akwati ɗaya ake zubawa? Idan baƙo ya shigo bai zaɓi kowa ba, layi ake bi ko tsofaffin ma'aikata ke ɗauka? Wace rana ce hutunka? Sai maganar Juma'a: faɗa masa tun yanzu cewa za ka fita sallah ka dawo, kada ya fara ji ranar da shago ya cika. Abin da kuka amince a kai ka sa ya turo maka ta WhatsApp, ya zama akwai shaida. Kai ma ka sayi ɗan littafi kana rubuta kowane kai da ka aske.

Wace unguwa? Legas kashi biyu ce ga mai neman abinci. Akwai tsibiri, wato Ikoyi, Victoria Island, Lekki har zuwa Ajah, inda ake biyan aski da tsada amma hayar ɗaki ta fi ƙarfin mai aski. Akwai tudu, wato Agege, Ikeja, Mushin, Yaba, Surulere, Ketu, inda kuɗin aski bai kai ba amma za ka iya kwana kusa da shago. Sabon zuwa yakan ruɗu ya kama aiki a Lekki yana kwana a Agege. Wannan zai tashi tun kafin asuba, ya tsallaka gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 cikin cunkoso, ya iso a gajiye, ya koma tsakar dare. A ganina shekarar farko a tudu ya kamata a yi ta. Sai fa idan shagon tsibirin zai ba ka wurin kwana, to wannan a zauna a yi lissafi.

Mataki na biyar: kama ɗaki

Wannan ne wurin da ake yi wa baƙo yankan ƙauna. A Legas kuɗin shekara ake nema dunƙule, a ɗora kuɗin dillali, da kuɗin rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya na ɓarna. A ce ɗakin Naira 300,000 ne, kowanne cikin ukun nan kashi goma, sai ka ga 390,000 za ka ajiye kafin a miƙa maka makulli, kuma dillalai da yawa ba sa tsayawa a kashi goman. A lissafinmu na ɗazu kai 650 ke nan. Shi ya sa ake haɗuwa mutum biyu ko uku a kama ɗaki ɗaya a gidan da ɗakuna ke kallon juna, banɗaki da madafa na kowa da kowa. Zaɓi abokan zama da ka san sana'arsu, ka san garinsu.

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta wajabta masa ba da rasit, ta kuma ce mai hayar shekara sai an ba shi sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai hayar wata-wata kuwa wata ɗaya. Dokar ba ta aiki a Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA. Ba kowane mai gida ke binta ba, amma sanin ta yana rage maka raini. Akwai kuma hukumar LASRERA da ke rajistar dillalai da karɓar ƙorafi a kansu.

Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka shiga ba, kada ka biya a hannun dillali ba tare da ka ga mai gidan ko wakilinsa ba. Damfarar da aka saba ita ce a nuna ɗaki ɗaya ga mutum da yawa, kowa ya biya, dillali ya kashe waya. Idan ka shiga, durƙusa ka duba ƙasan bango. In ka ga layi mai duhu ya zagaye ɗakin, fenti ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasa, ko ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ruwa yana shiga gidan nan da damina, kome dillali zai rantse. Leƙa kwatar ƙofar gida ka gani tana gudu ko a tsaye take. Sannan ka rabu da dillalin ka samu mai shago ko mai sayar da ruwa a layin ka tambaye shi: ana samun wuta? Mitar kati ce ko kuɗin ƙiyasi ake rabawa? Akwai tsohon bashin wuta a gidan? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofar layi? Mai aski yakan tashi aiki goman dare, kuma akwai layukan da ke rufewa kafin ya iso.

Za a yi maka tayin rumfa a ƙarƙashin gada ko bakin layin dogo da araha. Gwamnatin jihar tana rushe irin waɗannan ba ƙaƙƙautawa. A 2024 ta kwashe na Ijora da Obalende, ta kuma gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, inda aka ce mutane na biyan Naira 250,000 a shekara. Ranar rusau babu mai mayar maka da kuɗi.

Mataki na shida: zirga-zirga da zaman yau da kullum

Sayi katin Cowry, da shi ake hawa manyan bas-bas na BRT da jiragen ƙasa na cikin gari. Jirgin jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tashi daga Agbado ya bi Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba zuwa Oyingbo. Shuɗin layi kuwa tun Satumban 2023 yake tsakanin Marina da Mile 2. Danfo a tasha ake hawanta, a tambayi kuɗi kafin a zauna, a riƙe canji. Motar da ta tsaya maka a gefen titi da asuba ko da dare da mutum uku a ciki, bar ta ta wuce, irinta masu ƙwacen waya da tilasta tura kuɗi ke amfani da ita. Kada kuma ka sa rai za ka riƙa haɗawa da acaɓa idan aski ya yi sanyi: tun 2022 aka haramta shi gaba ɗaya a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da Mushin, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi.

Iskar teku tana cin ƙarfe. Bakin kilifar da ka bari da danshin sifirit da dare, da safe za ka tarar ya fara ja, ya riƙa cizon gashi yana tsinka. Kowane dare ka kakkaɓe, ka busar, ka ɗiga mai, ka rufe a akwati. Kai ma ka nemi gidan sauro tun makon farko. Yi rajistar zama ɗan jiha a hukumar LASRRA, ka tambayi tsarin inshorar lafiya na Ilera Eko, ka ajiye lambobin gaggawa 112 da 767 a waya. Koyi gaisuwar Yarbanci da Turancin buroka gwargwadon hira. Za a kira ka “Aboki” ko “Malam” sau ba adadi. Amsa, ka faɗi sunanka, a hankali sunan zai zauna. Hirar siyasa da ƙabilanci kuwa ta masu jiran layi ce, kai mai reza a hannu ka yi hirar ƙwallo.

Mataki na bakwai: tara naka mutanen

Kujerar ta mai shago ce, amma wanda ya ce “shi nake jira” naka ne. Riƙe sunan mutum da irin askinsa, kada ya zo karo na uku kana tambayarsa yaya za a yi. Kasuwar da ɗan Arewa ya fi kowa kusa da ita ita ce ta 'yan'uwansa masu abin hannu da ba su da lokacin zaman shago: 'yan canji na Broad Street da Allen, dillalan Mile 12, mahautan Oko-Oba, direbobin manyan motoci na Apapa. Ranar hutunka ka ɗauki jaka ka bi su. Askin gida a rukunin gidajen masu kuɗi ma ta hannun masu gadi da direbobi ake samunsa, kuma da yawansu mutanenmu ne na Arewa da Nijar. Sa kuɗin motarka zuwa da dawowa a cikin farashin. Amma kada ka janye mutanen mai shagonka a ɓoye, unguwa ɗaya kuke, zai ji.

Ajiya kullum ake yinta, kafin a ci abincin dare. Masu karɓar adashin kullum suna zagaya shaguna, a ƙarshen wata su ɗauki zubin kwana ɗaya ladansu. Shiga wurin wanda tsofaffin 'yan layin suka daɗe da shi kawai. Gida kuwa ka yanke abin da za ka riƙa aikawa duk wata, ka gaya musu adadin. Idan ba haka ba, kowa zai ɗauka tunda kana Ikko kuɗi shara kake yi.

Mataki na takwas: shago, sannan iyali

Kada ka kama shago sai littafinka ya nuna cewa masu zuwa dominka kaɗai za su iya biyan haya ko da baƙo bai shigo ba, kuma kana da kuɗin shekara da na wata uku a gefe. Tambayi rukunin wutar layin. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa Naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage. Kilifa ba ta shan wuta; na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama tawul su ne masu cinye kati. Ƙaramar sola da batir mai ɗaukar fitilu da fanka da caji ta fi janareta sauƙi idan aka yi lissafin shekara. Sa ran masu karɓar kuɗi: ƙaramar hukuma da izinin shago, LAWMA da kuɗin shara, LASAA idan ka kafa allo, da ƙungiyar masu aski ta unguwa, wadda kan ƙayyade farashi mafi ƙasa. Je ka same su da kanka kafin ka buɗe, kada ka karya farashi don jan mutane, kuma kowa ka biya ya ba ka rasit. Safiyar Alhamis kasuwanni da shaguna da yawa ba sa buɗewa sai goma saboda tsaftar muhalli.

Iyali kuwa lissafinsu daban ne: ɗaki naka kai kaɗai mai banɗaki, gas na girki, ruwan saye, makarantar boko da Islamiyya. Kafin ka ce su taho, gwada na wata shida: duk wata ka ware abin da zamansu zai ci ka ajiye ba ka taɓa ba, har da watannin Yuni da Yuli. Idan ka iya, kuɗin da ya taru shi ne na kama ɗakin. Idan ka kasa, su ci gaba da zama a gida kana aikawa, ka riƙa zuwa bayan Sallah da kuma cikin Janairu lokacin da kasuwa ta lafa.